Hoton Ruƙayyatu a Daren Cika-ciki

Ja'afaru taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, kuma duk Misfala, unguwarmu a ƙasa mai tsarki, babu saƙƙa, wato ɗan ga-ruwa, irinsa. Tun asuba yake kai ruwa gidajen Larabawa, garwa biyu a sanda. Kafaɗarsa ta yi kanta, har in ka buga mata ƙusa, ƙusar ce za ta lanƙwashe. A hanya aka haife shi, lokacin da iyayenmu ke tafe a ƙasa daga Katsina, shi ya sa nake ce masa Guzuri.

Wata shekara ana cikin yaƙin Turawa, wani alhaji Bamisire da ya yi wa hidima ya bar masa akwatin ɗaukar hoto, baƙi mai ido ɗaya. Ya ce masa saura ɗauka guda a ciki, kuma sai da hasken rana. Guzuri ya cusa shi a buhun shinkafa, don masu wa'azi da sanduna ba sa wasa da maganar hoto. Ko ni bai bari na taɓa ba, wai hannuna annoba ne.

Matarsa Ruƙayyatu kuwa tari ya kama ta tun kafin aikin hajji. Uwarta na can Maiwurno ta Sudan, rabonsu da juna tun tana budurwa. Ga sauran alhazanmu na shirin gangarawa Jidda. Ta ce ba ta da abin aika wa Inna sai fuskarta.

"To yalla, gobe da hantsi," in ji Ja'afaru.

"Da rana ƙiri-ƙiri? Don Inna ta ga ƙasusuwana? A'a, Malam. A bari sai daren cika-ciki, in na ci na ƙoshi na sa kwalli."

Bai yi musu ba. Duk taurin kan nan nasa, a gabanta ya fi man shanu laushi.

Sabuwar shekara ta faɗo cikin sanyi. A gida, daren nan taubasai kan bi juna da wuta. Mu nan a bayan dutse muke ɗan taɓawa a ɓoye. Bayan magariba na ɗaure busasshen ganyen dabino, na jiƙa shi da kananzir, na kunna. Ruƙayyatu ta zauna bakin bukka da farin mayafi. Loma kaɗan ta iya ci. Ni kuma ina ta wulwula wutar a bayan Ja'afaru, tartsatsi na tashi sai ka ce taurari ke zuba.

"Kai Dawuda, haska ta, bawan banza! Ba gemuna na ce ka babbake ba!" in ji Ja'afaru, yana saita ta da akwatin.

"Wane gemu? Akuyar maƙwabta ta fi ka!"

Na zagaya gefenta da wutar. Ta fashe da dariya, Ja'afaru ya danna akwatin, dariyar ta juye tari har sai da aka kwantar da ita.

Wani direban lori ya kai fim ɗin Jidda a ɓoye a wanke. Kafin ya dawo alhazai sun haye teku, ita kuma mun kai ta maƙabartar Ma'ala.

Da hoton ya zo muka duba a bayan bukka. Baƙi ƙirin. Sai zoben wuta ɗaya kamar awarwaro, da wani ɗan fari-fari a ƙasa. Na buɗe baki zan ce ai garwarsa ce, na kalli fuskarsa, na haɗiye.

"Mayafinta ne," ya ce.

"Shi ne, Guzuri."

Ya ci gaba da jan ruwansa, bai sake aure ba, akwatin ma ya bayar. Da shekara ta zagayo ya yi ta bin zangon alhazai har ya sami wani tsoho mutumin Maiwurno. Ya naɗe hoton a ƙyalle ya ba shi. Tsohon ya buɗe, ya juya shi sama, ya juya ƙasa.

"Ɗana, ina mutum a nan?"

Ja'afaru ya ɗora yatsa a kan baƙin.

"Nan take, Baba. Ka ce wa Inna a lokacin dariya take yi."