Ranar da Na Hana Ƙanena Buta

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar da na hana ƙanena ruwa a tsakiyar kasuwar Arlit ba.

Lokacin ina sayar da kayan mota. Kamfanonin yuraniyom sun rage ma'aikata, fari ya cinye dabbobi, ƴan tawaye kuma sun sa hanyar Agadas ta zama abin tsoro. Ƙanena na cikin waɗanda aka sallama. Bayan matarsa ta haifi ɗiya, sai wani tunani ya kama shi, wai ƙurar ma'adinin tana hannunsa, in ya taɓa jaririyar zai kashe ta. Ya wanke hannu, ya sake, ya sake, har fatar ta tsattsage tana jini. Alwala kuwa, liman zai sallame yana nan tsugune. Ɗiyar ta fara zama bai taɓa ɗaukarta ba.

Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, ni kuma kullum ina aika masa bidon, wato jarkar ruwa. Daga baya wata likita a asibitin garin ta zaunar da mu. Ta ce wannan waswasi ciwo ne sananne, kuma wanke hannun shi ne abincinsa. Maganin shi ne ya taɓa abin da yake tsoro, daga ƙarami zuwa babba, ya ƙi wankewa, ya zauna da tsoron har ya sauka da kansa.

Na ce, "Likita, ai ƙurar garin nan ba ƙarya ba ce."

Ta ce, "Ba ƙarya ba ce, shi ya sa ba zan aike shi cikin tarkacen kamfani ba. Amma gaisawa da mutane ba guba ba ce. Kai za ka riƙe buta. In ya roƙa, kada ka ba shi."

Ƙanena da bakinsa ya yarda. Ya fara da taɓa ƙofa, sai kujera, har muka kai ga musabaha. Ranar ya zauna a shagona, duk direban da ya shigo ya ba shi hannu. Kafin hantsi ya jiƙe da zufa, ya ɗaga hannuwan sama kamar ba nasa ba.

"Yaya, don girman Allah, ko kaɗan."

Na tura butar ƙarƙashin ƙafata.

Wanda bai zauna a hamada ba, ba zai gane nauyin abin ba. A can ko maƙiyinka ya nemi ruwa, ba ka tambayarsa dalili. Wani dattijo makiyayi daga Gugaram, wanda fari ya kore shi zuwa gari, ya tsaya yana kallona.

"Kai Bahaushe, kasuwanci ya cinye maka zuciya? Ɗan'uwanka ne!"

Ya kwance salkarsa ta ruwa ya miƙa wa ƙanena. Na sha gabansa na ce, "Baba, ka yi haƙuri, magani muke yi." Ya tofar da yawu ya wuce. Mutane suka taru, wani ya ce to, har ruwa ma zan fara yi wa ciniki. Na sha zagi iri-iri a sana'ata, amma na ranar ne kaɗai ya shiga jikina.

Ƙanena ya yi kuka, ya kira ni azzalumi. Can wajen azahar sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya dubi tafinsa ya ce, "Yaya, ya ragu." Ya yi alwala irin ta kowa, ya samu jam'i. Kafin watan azumi na shiga gidansa na tarar da ɗiyar a cinyarsa, tana jan gemunsa.

Da labarin ya tsaya nan, da na ce maganin ya gama aiki. Amma tawaye ya tsananta, likitar ta bar garin ba mu ƙarasa ba. Innarmu ta zo daga Tawa, ta ji abin da na yi a kasuwa.

"Ɗana ba zai roƙi ruwa ina raye ba," in ji ta.

Na yi bayani, ta ce in rufe mata baki. Ta cika buta ta aje masa a gefen tabarma, in ta ƙare ta sake cikawa. Ba na iya ƙwace buta daga hannun uwata. Kafin damina hannuwan sun koma jini. Matarsa ta gaji, ta ɗauki ɗiyar ta bi ayarin da soja ke rakiya zuwa kudu, ba ta dawo ba.

Bayan rasuwar Inna shi da kansa ya kawo mini butar, ya ce mu sake fara maganin daga taɓa ƙofa. Yau yana aiki a shagona, yana gaisawa da mutane, ko da yake in hankalinsa ya tashi ciwon kan leƙo. Ɗiyar kuwa ta yi aure a kudu, a waya kaɗai ta san muryarsa.

Ana tambayata ko maganin na aiki. Ina cewa yana yi, na gani da idona, amma sai duk gidan sun iya jure kallon mutum yana kuka. Abin da na koya ke nan: ni da Inna duka muna son shi, sai dai tausayin da ke cika buta shi ne ya raba shi da ɗiyarsa.