Filayar da Na Ba Kawu Ajiya

Har yau idan samari masu shiga harkar sola suka tambaye ni ko ya dace mutum ya zuba kuɗinsa a kan filayar matse kan waya mai tsada, sai in ce musu su saya, in yi maza in canza magana. Suna ɗauka rowar bayani nake yi musu. Ba haka ba ne. Tambayar ce take mayar da ni shagon kawuna a Wunti, ni kuwa ba kullum nake son komawa can ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, a hannunsa na koyi aikin lantarki. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma talabijin da fanka, da sola ta shigo Bauchi ya bi ta, yana cewa ai duk wuta ce, suna kawai aka sake mata. Shagonsa ɗan ƙarami ne tsakanin wani tela da mai facin taya, ƙarar keke da babura ba ta barin mutum ya ji abin da yake faɗa da bakinsa. A sama akwai kanta cike da tsofaffin rediyoyin da masu su ba su dawo ɗauka ba. Wasu masu su ma sun rasu. Na sha ce masa mu kwashe kayan cikinsu mu yi amfani da su, sai ya harare ni ya ce, "Naka ne?"

Filayarsa guda ɗaya ce, baƙa, robar hannunta ta cinye ya naɗe ta da salatif. Da ita yake yanka, da ita yake fere waya, da ita yake matsewa, da ita yake buɗe kwalbar lemo. In ka ba shi labarin wani sabon kayan aiki, sai ya ɗaga hannunsa na dama, ya juya shi a gaban hancinka, ya ce, "Wannan fa, a wace kasuwa ake sayar da irinsa?"

Kuma gaskiyarsa ce, Kawu yana da hannu. Ga wanda bai san aikin ba, kowane farantin sola yana da wayoyi biyu a bayansa, ana haɗa su da na maƙwabcinsa da wani ɗan kai na roba, namiji da mace, muna ce masa konekta. A cikin robar akwai ɗan ƙarfe mai kunnuwa biyu. Za ka fere waya daidai tsawon da ake so ba tare da ka gutsire ko sili ɗaya na tagullar ba, ka kwantar da ita tsakanin kunnuwan, ka matse su su lanƙwasa ciki su riƙe ta gam. Duk tsadar batir da inbata da ka ji ana kuka da ita, a kan wannan ɗan matsin take zaune. In ya yi sako-sako, wurin zai riƙa ɗaukar zafi, wuta ta riƙa tartsatsi, robar ta narke. Abin haushin kuma da tsakar rana yake yi, lokacin da wutar ta fi ƙarfi, a can saman rufi inda ba mai gani.

Kawu yakan lanƙwasa kunne ɗaya da bakin filayarsa, ya bi da ɗayan, sannan ya damƙe da dukkan ƙarfinsa har jijiyar wuyansa ta miƙe. Daga nan sai ya miƙo mini ya ce in ja. In na ja a hankali ya ce, "Ja mana, ko ba ka karya ba?" In ja har in kusa faɗuwa da baya, wayar ko motsi.

Ni Allah bai ba ni wannan hannun ba, kuma na sani. Shi ya sa da na fara cin gashin kaina na nemi filayar da aka ƙera don wannan aikin kaɗai. Ta farko mai araha na saya a kasuwa, ta koya mini hankali: haƙoranta suka lotse, ta koma tana baje kunnuwan kamar an take gwangwani. Sai na cije na sa wani ɗan kasuwa ya taho mini da mai kyau daga Kano. Ita wannan in ka fara matsawa ba za ta buɗe ba sai ta kai ƙarshe, ta ce ƙas, ta saki da kanta. Ba ta yarda ka yi rabin aiki, kuma ba ta neman ƙarfi. Matata da ta gama mitar kuɗin ta gwada da hannu ɗaya, ta matse waya tsaf. Na kai wa Kawu ya gani ina ta rawar jiki. Ya juya ta, ya miƙo mini, ya ce, "Filayar ragwaye ke nan." Tela da mai faci suka yi ta dariya, ni ma na taya su don ba yadda zan yi.

Shekaru suka ja. A wurin wani bikin suna na fara lura. An miƙa wa Kawu goro, ya sa babban yatsa zai ɓare, goron ya ƙi. Ya sake, ya ƙi. Sai ya ɗan juya baya ya sa haƙori. Daga ranar idona ya buɗe, na ga kofin shayi ma da hannu biyu yake riƙewa, da safe kuma yatsunsa ba sa lanƙwasuwa sai rana ta ɗaga. Sanyin ƙashi ne ya kama shi, bai gaya wa kowa ba.

Ba a jima ba wani mutum ya kira ni a ɓoye in duba masa solar gidansa, wuta tana ɗaukewa. Aikin Kawu ne. Na hau rufi, na ja waya ɗaya, ta zare ta biyo hannuna. Mai gidan yana ƙasa yana cewa, "Tsohon nan fa ya gaji, ya kamata ku zaunar da shi." Raina ya ɓaci, na ce masa lokacin da tsohon nan yake haɗa wuta shi ko sauya ƙwan fitila bai iya ba. Na sake matse masa komai na sauko. Amma a hanya jikina ya yi sanyi, don na san abin da na gani. Aikin nan shi ne abincin Kawu, shi ne kuma mutuncinsa a gari, ga shi yana zarewa daga hannunsa.

Maganin a fili yake, filayar ragwaye. Na sa aka sake kawo mini wata sabuwa fil a cikin kwalinta. Sai kuma na tsaya ina jujjuya yadda zan ba shi. In na ce kyauta ce, zai tambaye ni dalili, dalilin kuwa shi ne hannunka ya mutu, wa zai kalli wanda ya koya masa sana'a ya faɗi haka? Na yi shawara da mahaifiyata, ta ce, "Kul ka karya masa zuciya. Ka san halinsa, in ya gane kun gane, ba zai sake cin abinci a gidan nan ba." In na ce aro, ai bai tambaya ba. Ina cikin wannan sai dabara ta faɗo mini, har na ji ina yaba wa kaina.

Na shiga shagon da hantsi, muka gaisa, na ajiye kwalin a kan benci. Na ce, "Kawu, yara sun dame ni da taɓe-taɓe a gida. Don Allah ga wannan ka ajiye mini a nan."

Ya ɗauka ya kai kusa da ido. "Ta ragwayen ce?"

"Ita ce."

Ya daɗe yana kallon hoton da ke jikin kwalin. Sannan ya taka kujera, ya ɗora ta a kanta kusa da wata rediyo, ya ce, "Allah ya ba mu ikon riƙe amana."

Na fito ina murmushi. A tunanina, wane ma'aikaci ne za a bar masa kayan aiki a shago ya ƙyale? Ni kaina in aka bar mini sukundireba, kafin mai ita ya kai bakin titi tana hannuna. Na ce ina juya baya zai buɗe, ya gwada a ɓoye, ya ji daɗinta, shi ke nan ba wanda ya ji kunya. Don ma in ba shi sarari sai na ɗauke ƙafa daga shagon. A gida nake zuwa gaishe shi, ko sau ɗaya ban ta da zancen filaya ba. Kantar rediyoyin nan tana gabana tun ina saurayi, amma ban tsaya na tambayi kaina wane irin mutum ne yake ajiye rediyon mamaci yana jiran magada ba.

Da bazara ta kama, Kawu ya sami aiki a Inkil. Wata malamar asibiti ce da ta yi ritaya ta koma kiwon kajin ƙwai, tana son sola ta riƙa ja mata ruwa daga rijiyar burtsatse. Tun zamanin rediyo take kawo masa gyara, 'ya'yanta sun kawo mata samari masu kamfani ta ce ita Baba ta sani, haka take kiran Kawu. Ya ɗora mata farantan a kan wata rumfar zana da ke manne da ɗakin kajin. Na ji labarin aikin na yi murna, na ce yanzu ai da sabuwar filaya yake yi.

Bayan azahar wata rana wayata ta yi ƙara. Kawu ne, muryarsa a shaƙe. Ya ce, "Ka zo Inkil yanzu."

Tun daga nesa na ji ƙaurin roba da gashin kaji. Maƙwabta sun kashe wutar da bokitai, amma rumfar ta tafi, rabin ɗakin kajin ya bi ta. Matar tana zaune a kan kifaffen bokiti, zanenta duk toka. Da ta yi faɗa da ya fi sauƙi. Sai cewa take yi, "Baba, kar ka damu, tsautsayi ne. Mun gode Allah ba mutum a ciki." Kawu yana tsaye, hularsa a hannu.

Na bi wayoyin har na sami inda wutar ta tashi, konekta ɗaya ya narke ya dunƙule. Akwai farantan da wutar ba ta kai gare su ba. Na raba wayoyinsu na duba matsin. Matsin tsohuwar filaya ne, kunne ɗaya bisa ɗaya, na san shi kamar yadda na san rubutun hannuna.

Kawu ya matso bayana ya ce, "Ja."

Na ɗan taɓa wayar na ce, "Wannan da kyau, Kawu."

"Ja mana, ko ba ka karya ba?"

Ba dariya a muryarsa. Na ja, wayar ta zare. Ya nuna ta gaba, ita ma ta zare. Ya gyaɗa kai, ya mayar da hularsa, ya je ya durƙusa a gaban matar nan da ta girme ni amma ba ta kai shi ba. Na kau da kai don ba zan iya kallo ba.

Ni na sake haɗa mata solar, wannan ba abin faɗa ba ne. Kawu kuwa ko damina bai jira ba. Ya ce wa mutane idonsa ne ya yi rauni, ya sallami shagon. Ya bi gida-gida yana mayar da rediyoyin da ya iya gano masu su. Ranar da zai ba da makulli ya aika a kira ni. Na same shi a kan benci, shagon fayau, sai kwalin nan a cinyarsa. Ya goge ƙurar da hannun rigarsa ya miƙo mini.

"Ga ajiyarka. Duba da kyau, ban buɗe ba."

Na duba. Ledar da aka like bakin kwalin da ita tana nan yadda na kawo ta.

Ya ce, "Kullum in na ɗaga kai sai na gan ta. Na san hannun nan ya daɗe yana ha'intata. Na ce duk ranar da ka zo ɗaukar kayanka zan cije in ce ka ara mini in gwada. Na shirya maganar ma. Sai ka ƙi zuwa."

Na ce, "Kawu, ai don kai na sayo ta. Taka ce."

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ba fushi a fuskarsa, mamaki ne kawai.

"To, me ya sa ka ce ajiya?"

Baƙin ciki ya ishe ni, na rasa abin yi da hannuwana, sai na yage ledar na fito da filayar. Akwai guntuwar waya da ɗan ƙarfen konekta a aljihuna, kullum ba na rabuwa da su. Na fere wayar, na kwantar da ita tsakanin kunnuwan, na saka masa filayar a hannu. Ya matsa a hankali da yatsun nan da suka kasa ɓare goro. Ta ce ƙas, ta saki.

Ya ja wayar da kansa, sannan ya miƙo mini. Na ja da dukkan ƙarfina, ko motsi.

Ya ce, "Ashe ba ta neman ƙarfi."

Ya ajiye ta a kan benci kusa da ni, ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce in fito zai kulle shagon, mai wurin yana jiran makullinsa.