Malama Naja'atu, ungozomar da ta rage ita kaɗai

Da ta idar da sallar asuba, Malama Naja'atu Gado takan ɗauki tsintsiya ta share ɗakin haihuwa da kanta. Ta ɗora ruwa a murhu, ta tafasa almakashi, ta shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya domin matan da za su zo awo. Babu mai taya ta. Ƙaramin asibitin yana wani ƙauye bayan Gurbin Bore, a ƙasar Zurmi. Da can su huɗu ne ke aiki a ciki. Da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, abokan aikinta suka nemi canjin wuri ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta taɓa ganin laifinsu ba. Mijinta ya rasu da jimawa. 'Yarta Ilham tana aure a Kaura Namoda, kullum tana kira.

"Inna, mi kike jira nan? Taho gida."

"In na taho, wa za ya amshi ɗiyan mutane?"

Hajiya Ladidi, wata dattijuwa a ƙauyen, ita ta ba ni labarin ranar da ba ta mantawa. Da damina ne, rafi ya cika ya yanke hanya, ko babur ba ya wucewa. Surukarta Zulaihat ta haihu da azahar. Yaron ya fito bai yi kuka ba, uwar kuma jini ya ɓalle mata. Malama ta kama hannun tsohuwar ta ɗora a marar Zulaihat.

"Hajiya, murza nan da ƙarfi, kar ki saki."

Ta juya kan jaririn, ta goge shi, ta share masa hanci, ta dinga hura masa iska. Sai tsohuwar ta yi ihu, jini ya wuce tabarma. Dole Malama ta ajiye yaron ta koma kan uwa, ta yi mata allura, ta rataye ledar ƙarin ruwa a ƙusar bango. Zulaihat ta rayu. Yaron bai rayu ba.

Bayan an kai shi makwanci, Hajiya Ladidi ta dawo yin godiya. Ta iske Malama zaune a bakin rijiya tana wanke zannuwa, idonta jajir.

"Da a ce mu biyu ne, Hajiya," abin da ta iya faɗa ke nan.

Ba ta da wanda za ta kai wa wannan nauyi. Washegari mata suka zo awo, ta auna su tana yi musu wasa. Bayan shekara Zulaihat ta dawo da wani cikin, ta jawo maƙwabtanta uku da ba su taɓa taka asibiti ba.

Ke ce, Malama, uwar masu naƙuda. Ke kika bi gida-gida kina lallashin magidanta su bar matansu su zo awo. Yaran da kika yanke wa cibi yau suna noman gero, wasu suna lodi a tashar Shinkafi, da yawansu ko fuskarki ba su sani ba. Mun gode. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki hutu cikin lafiya.

Masu iko da masu hali, ku horar da ungozomomi, ku ba su kayan aiki da wurin kwana mai aminci, kada a sake barin mace guda da ɗakin haihuwa. 'Yan matanmu da ke gama sakandare a Kaura, Shinkafi da Zurmi, ga aiki yana kiranku.

Lokacin ritayar Malama ya yi tun bara, amma ba a turo kowa ba. Ilham ta gyara mata ɗaki, kayan Malama kuma suna ɗaure. Sai dai duk mai cikin da ta ga kayan takan riƙe mata hannu.

"Inna, ki jira ni in sauka."

Har yau ba ta iya ce wa ko ɗaya a'a ba.