Kokawar Rufin Ɗakin Yara

Yayata ba ta taɓa zama a aji ba sai na Islamiyya, amma a ƙauyenmu da ke bayan Maruta ita ce ta fara abin da takardun gwamnati ke kira cibiyar renon ƙananan yara. Mu dai "wajen Yaya" muke cewa. Tun da mijinta ya rasu mata ke kawo mata 'ya'yansu da safe su wuce gona ko surfe, ita kuma ta zaunar da su a gindin darbejiya tana koya musu Fatiha da wanke hannu, da yadda ake raba ƙuli-ƙuli ba cizo. Sai dai inuwa ba ta tare ruwa. Duk damina makarantar watsewa take yi, yaran su koma bakin kududdufi.

Saboda haka muka kafa kwamiti, abin da 'yan boko kan yi idan ba su iya gini ba. Ina ciki, a matsayina na malamin firamare. Matasa suka yi gayya aka tayar da bango huɗu na ƙasa. Saura rufi. Bangon ƙasa kuwa in ruwan farko ya same shi a buɗe, sai dai a kwashe laka.

Shugaban kwamitin, wani tsohon hedimasta, shi ya kawo shawarar kokawa. A gayyato ƙauyen tsallaken rafi, kowa ya zo da gudummawarsa, azara ko gora ko tubali, a jibge a bakin fili don wanda bai kawo ba ya ji kunya. Wani dattijo da ya yi kokawa a zamaninsa ya girgiza kai.

"Malam, kokawa ta kaka ce. Mai ƙoshi in an kayar da shi dariya yake yi. Yanzu bazara ce, rumbu ya yi ƙasa, zafi ya hau kai."

"Baba, ai wasan sada zumunci ne."

"To, Allah ya sada."

Ranar, bayan la'asar, fili ya cika. Gudummawa ta taru tsibi guda har Yaya ta yi ƙwalla. Ta jera yaranta a gaba, an shafe su da mai, suka yi waƙar maraba kowa da inda ya nufa da muryarsa. Hedimasta ya ce shi zai yi alƙalanci da usur ɗinsa na wasannin makaranta, tsofaffin 'yan kokawa su huta.

Gwaninmu mai wuya kamar turmi ya kama da nasu, wani dogo siriri. Dogon ya sa ƙafa, gwiwar namu ta taɓa ƙasa. A kokawa wannan kaye ne, kowa ya gani. Hedimasta a lokacin yana goge tabarau. Da bai ji usur ba, namu ya miƙe, ya sunkuci dogon da ya riga ya saki jiki, ya buga shi da ƙasa ta kai. Na ji ƙarar har inda nake.

"Ashe alƙalin ma na gida ne!" in ji makaɗinsu.

"Ku koma ku koyi tsayuwa, 'yan tsallake!" wani namu ya mayar masa.

Mari ya fara tashi. Daga nan wani ya tuna da tsibin. Na karanta labaran yaƙi da dama, ban taɓa jin inda aka tara wa rundunoni biyu makamai wuri ɗaya aka kuma gayyace su ba. Gora ta dinga fashewa a bayan mutane. Azarar giginya mutum biyu suka ɗauka suna shara da ita, duk wanda ta samu a ƙwauri sai ya zube. Na ga tubali ya sauka a kan wani manomi, jini ya rufe masa ido, yana lalube yana kai duka ga ƙaninsa. An fasa ganga a kan mai ita. Hedimasta yana ta busa usur har wani ya tura masa shi cikin baki da naushi, haƙori ya biyo.

Yaya ba ta yi ihu ba. Ta kora yaran kamar kaji zuwa ɗakin da ba rufi, ta cusa su a kusurwa, ta tsaya a ƙofa ta ware hannu. Tubala suna tsallake bango suna faɗawa ciki, sai ta koma ta kifa a kansu. Ɗaya ya same ta a kafaɗa, wani a bayan kunne. Da na isa, mayafinta ya jiƙe sharkaf da jini, yaran suna ƙarƙashinta ba wanda ya ƙwarzane.

"Ka ƙirga su," ta ce, sannan ta sume.

Kiran magariba ne ya raba faɗan, abin da dagaci ya kasa. A bayan motar gero muka kai ta asibiti a Birnin Kudu, tare da dogon, wanda har yau wuyansa ba ya juyawa. Ƙashin kafaɗarta ya karye, kunnen hagu ya tafi ke nan.

Tana kwance a can ruwan farko ya sauka, da iska daga gabas. Bango biyu suka kwanta, sauran suka bi su a ruwa na gaba. Na ɓoye mata, amma ta ji ƙamshin ƙasa ta taga.

"Ya faɗi ko?"

"Ya faɗi, Yaya."

"Ka kwashe buhunanka daga zaurenka. In na koma, can yaran za su zauna."

Iyayen da suka dawo da 'ya'yansu ba su kai rabi ba. Waɗanda suka dawo ɗin suna zaurena har yanzu, kuma sun koyi tsayawa ta damanta in suna son ta ji ƙararsu.