Makullan Baba Shafi-Biyu

Shekara talatin da huɗu Baba Shafi-Biyu yana fentin gidajen mutane, kuma ko cokali ba a taɓa cewa ya ɓata a bayansa ba. Sunan ma a wurin aiki ya samo shi. Ko mai gida zai rantse shafi ɗaya ya isa, Baba sai ya girgiza kai ya ce bango bai san an taɓa shi ba sai a shafi na biyu. Gajeren mutum ne mai farin gemu, ko da yake matarsa ta ce har yau ba ta tantance inda furfura ta tsaya da inda fenti ya fara ba.

Abin alfaharinsa a duniya shi ne zoben makullai da yake ratayewa a ƙugu. Mai fenti yana shiga inda ƙanin mai gida ma ba ya shiga, har uwar ɗaka, har bayan gado. Mutane sukan miƙa masa makulli su tafi aikinsu, wasu kuma idan ya gama su ce ya riƙe, ai za a sake nemansa. Haka suka taru har goma sha huɗu. Idan yana tafe suna kacau-kacau, har wani ɗaga kafaɗa yake yi.

Sai dai Baba yana da hali guda: ba ya riƙe lambar gida, launi yake riƙewa. A wurinsa babu gida mai lamba kaza, sai gidan shuɗi mai farar taga, ko gidan nan da aka nace sai ja aka dawo ana nadama.

Wata Talata mai kemis na bakin titi ya kira shi, ya ba shi makulli, ya ce falonsa yake so a mayar kore mai haske kafin iyalinsa su dawo daga tafiya.

"Lamba goma sha bakwai, Baba."

"Haba, ni za ka kwatanta wa gidanka? Ba ni na yi masa fenti ruwan ƙwai da hannuna ba?"

Mai kemis ya buɗe baki, ya rufe. Gaskiyar ita ce shekara uku da suka wuce ya ba wani mai fenti aikin, aka mayar da gidan ruwan toka, kuma kunya ta hana shi faɗa. A ransa ya ce ai mutumin zai duba lamba. Ina! Gidajen layin duk zubi ɗaya ne, kuma maƙwabciyarsa mai lamba goma sha tara, wata ma'aikaciyar jinya, ita ce ta yi sha'awar ruwan ƙwan ta sa aka yi wa nata.

Washegari da safe Baba ya iso da bokitansa da tsani, ya doshi gidan ruwan ƙwai kai tsaye. Ƙofar waje a buɗe, ta falo ma a buɗe, domin ma'aikaciyar jinyar ta bar su saboda mai gyaran famfo da ya yi mata alkawari kuma bai zo ba. Baba ya yi tsaki, ya ce mai kemis ya fara tsufa. Bai ko taɓa makullin ba.

Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya yi yadda ya saba. Ya tara kujeru da talabijin da teburi a tsakiyar falo ya lulluɓe su da babban zane. Ya sauke hotuna ya kife su, don shi ba ya kallon hotunan mutane. Zuwa la'asar ya gama shafin farko, yana kan tsani yana jin daɗin aikinsa, sai ga mace a bakin ƙofa da fararen kaya. Ta ga baƙon namiji, ta ga dukiyarta an tattara an ƙunshe kamar mota ake jira. Ihun da ta kurma har layin baya.

"Baiwar Allah, ki yi hankali da bangon," in ji Baba. "Bai bushe ba."

A ofishin 'yan sanda kansa ya ƙara ɗaurewa. Aka ce ana tuhumarsa da kutsawa gidan mutane da mugun nufi. Ya ce ai da makullinsa, ya zaro. Aka je aka gwada, makulli ya ƙi ƙofa. Sannan wani ɗan sanda ya dubi zoben, ya ga makullan gidajen mutane har sun cika hannu, ya yi wani murmushi irin na wanda ya kama babban kifi. Abin da Baba yake tinƙaho da shi, shi aka ɗora a teburi a matsayin shaida.

An ba da belinsa, an mayar masa da zoben bayan mai kemis ya zo ya yi bayani, amma matar ta ce kotu za ta raba su. An taɓa yi mata sata, tsoron kuma bai bar ta ba. Labari ya zaga. Mutane suka fara zuwa gidansa da gaisuwa mai tsawo. Wannan ya ce nasa makullin ne ya ɓata, wancan ya ce ƙofa zai canza. Babu wanda ya ce masa ɓarawo, kuma babu wanda ya tafi bai karɓi makullinsa ba. Cikin mako biyu zoben ya zama waya zalla. Wannan ya fi tuhumar yi masa ciwo, ya daina cin abincin kirki, ya yini yana wanke burushin da ba a yi aiki da shi ba.

Autarsa ta kawo masa ƙawarta lauya, wata siririya mai tabarau. Suka zauna a tsakar gida.

"Baba, idan alƙali ya tambaye ka, ka ce ba ka aikata ba."

"Yarinya, na shiga gidan nan ko ban shiga ba?"

"Ka shiga."

"To na aikata ke nan."

"A'a, Baba."

"To ban shiga ba?"

"Ka shiga, amma shiga kawai ba ita ce laifin ba. Sai an nuna ka san ba a ba ka izini ba, ko ka je don ka yi ɓarna, ko ka tsorata mai gidan."

"Ai kuwa ta tsorata. Kin ji ihun?"

Lauya ta cire tabarau ta murza ido. "Niyyarka ake tambaya, Baba. Mece ce niyyarka?"

"Kore mai haske."

"To shi za ka faɗa."

Ya dubi matarsa, ita ma ta dube shi. Shi dai bai gane yadda mutum zai yi abu da ƙafafunsa kuma a ce bai yi ba, amma ya haƙura don ganin idon Auta.

Ranar shari'a aka kira mai kemis. Yana zufa, ya faɗi cewa shi ya ba da makulli, kuma gidansa ya daina zama ruwan ƙwai tun shekara uku. Baba ya juyo gaba ɗaya daga inda yake tsaye.

"Wa ka ba aikin?"

Sai da alƙali ya buga teburi. Sannan lauya ta tambayi ma'aikaciyar jinya abin da ta tarar da ta ɗaga zanen. Matar ta ce komai yana nan. Aka tambaye ta hotuna fa, ta ce an kife su a kan tawul. Ƙusoshin da aka cire? Suna cikin kofi, kuma an yi wa gurbin kowanne alama da fensir. Takalminsa? A bakin ƙofa, a jere. Tana faɗa muryarta tana yin ƙasa.

Alƙali ya ce bai ga mugun nufi ba, kuskure ya gani, ya sallame shi, ya kuma shawarce shi da ya koyi duba lamba. Baba bai motsa ba sai da lauya ta taɓa hannunsa.

"An gama, Baba."

"An gama me? Ranka ya daɗe, bangon nan fa shafi ɗaya ne a jikinsa."

Kotu ta kwashe da dariya. Shi bai ga abin dariya ba.

A waje Auta tana murna, matarsa tana hamdala, shi kuwa hannunsa yana ƙugu yana laluben zoben da babu komai a jikinsa. Cikin masu makullai goma sha huɗun nan babu wanda ya zo. Alƙali ya wanke shi, amma bai san inda ake kai wannan wankin a karɓo amana ba.

Sai ga ma'aikaciyar jinya ta tsaya a gabansa, tana murza jakarta.

"Baba, ka yi haƙuri. Tsoro ne."

"Ba komai, 'yata. Ko ni ne zan yi ihu."

"Wata biyu ina zaune a falon nan. Duk inda na duba, tsohon farin yana leƙowa ta ƙarƙashin koren." Ta zaro makulli ta miƙa masa. "Gobe ina aikin safe. Lamba goma sha tara. Maimaita in ji."

"Goma sha tara," ya ce.

Da safe ya iso da bokitansa. Ya dubi launin gidan, ya kawar da kai, ya nemi lambar ya karanta ta a fili. Ƙofar waje a ɗan buɗe take, mai gyaran famfo ake jira har yanzu. Baba ya ajiye tsani, ya ja ƙofar har ta kulle, sannan ya ciro makulli ɗayan da ke zobensa ya zura ya murɗa. Da ya ji ta buɗe, ya cire takalminsa ya shiga.