Tabaryar da Na Sayo Saboda Idon Inna

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, don haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa yarda mun haɗa ido ba. Haka kunyar ɗan fari take a danginmu, can wajen Dangora. In na durƙusa gaishe ta, bango take kallo ta amsa. In tana so a ba ni fura, sai ta ce wa ƙanwata, "Ke, miƙa wa wancan." Na girma ina wancan, na yi aure ina wancan, har na buɗe shagon hoto a Kwanar Dangora ban sauya suna ba.

Abin dariyar shi ne, sana'ata ke nan in ce wa mutane su kalle ni. Direbobi, masu rake, 'yan makaranta, har masu haƙar ma'adinai daga Riruwai, kowa ya zauna ya zuba mini ido. Hotunan Inna kuwa da nake da su duk na gefen kallabi ne, sai guda ɗaya da kunnenta ya fito tas. Wata damina ta yi doguwar jinya, ta tashi a rame, sai tsoro ya kama ni. Na ga wata rana 'ya'yana za su tambaye ni yadda idonta yake, in rasa abin faɗa.

Sai dabara ta zo mini, kuma kamar yadda na saba, na yaba wa kaina tun kafin in gwada. Akwai gilashin da ake ɗaura wa kyamara a gaba, mu masu hoto lens muke ce masa. Wani yana jawo abin da ke nesa ya kawo maka shi har hanci. In na samu irinsa, sai in ɗauki Inna hoto ba ta sani ba.

Na shiga Kano wurin masu sayar da na hannu. Mai shagon ya ajiye mini guda biyu. Ɗaya gajere ne, mai kyau, irin wanda ke fito da fuska ya dusashe abin da ke bayanta, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihuna. Ɗayan dogo ne kamar tabarya, fentinsa duk ya goge, da hannu ake murɗa shi a saita, ga araha.

"Malam, tsuntsaye kake ɗauka ko 'yan ƙwallo?" in ji shi, da ya ga ina shafa dogon.

"Mutum."

"To na mutum ai ga shi nan, gajeren. Wannan sai da nisa, kuma in hannunka ya yi rawa hoton ya tashi aiki."

Na ce masa na san aikina. Gaskiyar magana, na riga na hango kaina a bakin tasha da abin nan rataye a wuya, mutane suna matsa mini. An ce araha ba ta ado, ni kuwa ranar har adon nake gani.

A tsakar gidanmu na fara gwadawa, na laɓe bayan rumbu. Na leƙa, ban ga komai ba sai wani jan abu dishi-dishi, ashe kallabin Inna ne ya cika kyamarar. Na ja baya har zaure, har ƙofar gida, abin bai saitu ba. Gidan gaba ɗaya ya yi wa lens ɗina kaɗan. Ƙanwata ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Na haƙura sai kaka, ranar da mata suka fita masussuka shiƙar dawa. Inna ta bi su, ko da yake ba ta da ƙarfin aikin, ta zauna a kan buhu. Na zagaya ta bayan gonar rake, na sami wata bishiyar mangwaro can nesa, na tattare riga na hau, ni magidanci da teɓa. Tururuwa suka karɓe ni hannu biyu. Na kwantar da tabaryar a kan reshe, ina murɗawa ina susa, reshen na lilo, na yi ta dannawa ba tare da na san abin da nake ɗauka ba. Wajen saukowa wandona ya yage.

Da na koma shago na buɗe hotunan, na samu ganye, na samu faifan wata tsohuwa, na samu rabin jaki. Ina gab da rufewa sai ga Inna. Hoton bai fita sosai ba, hannuna ya yi rawa. Amma ta ɗaga kai, ta kare rana da tafin hannu, idonta biyu suna kaina sak, goshinta a tattare da damuwa. Ta ɗauka a wannan nisan ba mai ganin inda take kallo. Idonta ƙanana ne, irin nawa. Na rufe ƙofar shagon na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Da na nuna wa ƙanwata, ko mamaki ba ta yi ba.

"Yaya, ai kullum haka take yi. In ka yi sallama ka tafi, ba ta barin bakin ƙofa sai ka sha kwana. Kai ne ba ka waiwaye."

Juma'ar da ta biyo na je gaisuwa, na durƙusa inda na saba. Inna ta amsa wa bango, sannan ta juya wajen ƙanwata.

"Ke, gaya wa wancan ya daina hawan bishiya. Reshen nan ba shi da ƙwari."