Ƙwanƙwasa Biyu ta Malam Uzairu

Duk wanda ya zauna a layinmu na Gangare ya san muryar Malam Uzairu, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ni kuwa na fi kowa saninta, don lasifikar masallacin a daidai saman katangar ɗakina aka ɗaure ta. Shekara da shekaru ina yi masa mita a kan lasifikar nan, shi kuma yana ba ni haƙuri yana ƙara mata ƙarfi.

Shi ba liman ba ne, ba kuma ladan ba. Mai gyaran rediyo ne, ɗan siriri, da tabarau mai kauri wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Haƙar kuza ce ta kawo kakansa Jos, amma shi ko shebur bai iya riƙewa ba, waya da dalma ya sani. Da yake shi ke gyara na'urar masallacin in ta lalace, a hankali sanarwa ta zama aikinsa: rasuwa, ɗaurin aure, suna, har da akuyar da ta ɓata. Yana da wata ɗabi'a irin ta masu gyara. Kafin ya ce uffan sai ya ƙwanƙwasa makirfo da yatsa, ƙwas, don ya ji ko yana aiki.

Da korona ta zo aka sa dokar kulle, biki ya tsaya, taron suna ya tsaya. Abin da ya rage wa Malam Uzairu shi ne sanarwar mutuwa. Ba duka ne cutar ta kashe ba, amma a lokacin wa yake tsayawa tambaya? Da ka ji ƙwas ɗin nan gabanka zai faɗi, ka fara lissafa tsofaffin gidanku. Ni da ma ga hawan jini. Ranar da aka sassauta kullen don a yi cefane, kafin in je kasuwa shagonsa na fara zuwa.

Na ce, "Malam, wallahi kai za ka gama da mu kafin cutar ta iso. Kullum ƙwas, wane ya rasu. Ƙwas, wance ta rasu. Ko keken ɗinki nake takawa sai ƙafata ta mutu. Ba ka da wani labari ne sai wannan?"

Ya ajiye rediyon da ke hannunsa ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Maman Salim, kin yi gaskiya."

Haushi ya kama ni, don da sauran masifa a bakina, ya hana ni sauke ta.

Washegari da hantsi ya hau lasifika ya yi wa unguwa bayani. Daga yau, in ji shi, ƙwanƙwasa ɗaya rasuwa ce, a yi salati. In an ji biyu kuwa, alheri ne, kowa ya saki ransa. Na taɓe baki na ce a ina zai samo alheri a wannan marra? Ashe mutumin nan da gaske yake. Sai ya sa takunkuminsa ya bi layi yana tsayawa daga ƙofar gida yana tambaya: an haihu? Mai zazzaɓi ya tashi? Ɗanku da kulle ya rutsa da shi a Legas ya bugo waya? Duk abin da masu gida suka yarda a faɗa, shi zai faɗa.

Wanda ba zan manta ba shi ne na Lasisi, Bayerabe mai sayar da kayan gyaran Keke Napep. Shi aka fara ɗauka a layinmu zuwa cibiyar da ake killace masu cutar. Ya warke ya dawo, amma mutane suka riƙa tsallaka titi in sun hango shi, ni ma har da ni, ba zan yi ƙarya ba. Malam Uzairu ya same shi ya nemi izini. Da la'asar muka ji ƙwas, ƙwas. "Jama'a, ɗan'uwanmu Lasisi ya yi jinyar korona, Allah ya tashi kafaɗunsa, likitoci sun sallame shi da takarda. Ni yanzu daga wajensa nake, mun sha shayi, kowa da kofinsa. Wanda bai je barka ba ya ji kunya." Na ji kunyar kuwa. Na dafa masa kunun gyaɗa na kai da kaina.

Shekara ta zagayo, muka ce an rabu da Bukar. Sai rediyo ta fara maganar wai cutar ta sake salo, ga wata mai suna Delta, ta fi ta farko saurin kamu. Mata suka cika tsakar gidana da labarin waya, wannan ta ce ko rigakafi ba ta ji, waccan ta ce wata ma tana tafe a bayanta. Na sake zuwa shagonsa, wannan karon ba da faɗa ba.

Ya ce, "Suna ta sake, Maman Salim. Mu ba mu sake Ubangiji ba, sabulu ma yana nan yadda kika san shi. A wanke hannu, a rufe hanci, a je a yi allura, a bar wa Allah sauran."

Faɗar haka da sauƙi, na ce a raina, tunda ba gidanka ta shiga ba. Allah ya yafe mini wannan tunani. Ba a yi wata guda ba, ana tsakiyar damina, sanyin Jos na ratsa ƙashi, ta kama matarsa Ummusalma.

Ummusalma aminiyata ce, tare aka kawo mu layin nan muna amare. Shekararsu talatin da huɗu da aure, Allah bai ba su haihuwa ba, bai kuma taɓa yi mata maganar ba. Ita ce komai nasa. Ga ta da ciwon suga. Ina tsaye a ƙofa aka fito da ita tana jan numfashi da ƙyar, aka sa ta a mota. Shi ma aka gwada shi, aka ce ya killace kansa a gida, kada ya fita. Na ɗauka lasifika za ta yi shiru. Ina! Ya sa aka jawo masa doguwar waya daga masallaci ta taga har cikin ɗakinsa, ya ci gaba da aiki daga can.

Wata nas mai suna Magadaliya, 'yar unguwar Kabong, ita ke kula da ɗakin mata a cibiyar. Kullum da rana takan bugo masa, ni kuma ina daga bakin tagarsa ina kasa kunne. Da irin Hausarta takan ce, "Baba, Mama bai ci abinci ba yau, yana kan oksijin. Muna addu'a, ku ma ku yi." Sai ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Ya ajiye wayar, ya share tabarau, ya ɗauki makirfo. Ƙwas, ƙwas: an haifi 'yan biyu a gidan mai nama. Ƙwas, ƙwas: an sallami wani direba. Muryarsa ko rawa ba ta yi. Ni abin har ya fara ba ni haushi, na ce masa ta taga, "Malam, kai zuciyarka dutse ce?"

Ya ce, "In na yi shiru, kowa zai ce ta mutu. In muryata ta yi rawa, masu nasu a kwance su yi yaya?"

Na koma kan kekena. Amma duk unguwa mun san abin da muke jira. Wata rana sunan Ummusalma zai fito ta lasifikar nan, daga bakin mijinta, ba mu dai san sau nawa zai ƙwanƙwasa ba.

Rana ta goma sha shida, bayan la'asar, ruwa ya ɗauke, ina kan keke ina ɗinka wa wata yarinya siket. Sai na ji lasifika ta yi ƙara.

Ƙwas.

Shiru.

Ƙafata ta sauka daga kan keken. Na ji maƙwabciyata ta saki salati ta bayan katanga. Mai dakan da ke gidan gaba ta tsaya cak. Na dafa bango na fara "Inna lillahi," hawaye na zuba, ina tuna ranar da muka yi wa juna lalle.

Ƙwas.

Sai numfashinsa, mai nauyi, unguwa duka tana ji. Mutumin da ya shekara talatin yana sanarwa bai taɓa sarƙewa ba, ya ce, "Jama'a... Ummusalma... gobe..." Daga nan bai ƙara ba. Ba ma sai ya ƙara ba, guɗa ta riga ta tashi daga gida zuwa gida, Lasisi ya fito yana buga murfin tukunya a tsakiyar titi.

Bayan ta dawo ta ɗan murmure, na je na same shi a shago da ragowar masifata.

"Malam, tsakani da Allah, me ya sa ka ja mana rai ranar nan? Tsakanin ta farko da ta biyu na yi wa matarka makoki na gama!"

Ya sunkuyar da kai yana juya wata 'yar waya a hannu. Ya ce, "Na kai yatsa karo na biyu, Maman Salim, ban ga makirfon ba. Takunkumi ne ya sa tabarau ya yi hazo."

Na bar shi a haka. Shi kaɗai ne a ɗakinsa ranar, kuma ta taga na sha ganinsa, ba ya sa takunkumi a ɗaki.